Zaren da Laraba Ke Ɗaura wa Masu Jego

SHAFI NA 19

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Tun jiya kun hana wayata sakat. Wata har cewa ta yi in Maijidda ta mutu ni da ita sai a lahira. Baiwar Allah ki yi haƙuri, ba a hannuna rai yake ba. Masu rantsuwa cewa Laraba mayya ce kuma na ga sharhinku, ban ce muku komai ba. Ku gyara zama.

*

Zare bakwai ne.

Gwaggo Luba ta jera su a kan tabarma a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, da bakin tsinken tsintsiya, don ko da wasa ba ta yarda yatsanta ya taɓa su ba. Farin zaren kaɗi ne, irin wanda kowace mace ke murzawa a mazari, sai dai wasu sun yi ja don daɗewa. Kowanne da ƙulle-ƙulle a jere a jikinsa.

Laraba ta tsaya da ƙwaryar tsummokaran jariri a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Wanki kawai ta je yi bayan ɗaki. Kafin ta dawo an kwance mata ƙullin kaya.

Shekararta ashirin tana yankan cibi da jinyar masu jego, daga ƙauyukan bayan duwatsun Dutse har Jahun, ba a taɓa buɗe mata kaya ba sai yau. Malam Sharhabilu da kansa ya aika aka ɗauko ta ranar da 'yarsa ta fari, Maijidda, ta zo gida haihuwa. Yau kwana ashirin da uku da sauka.

Daga ɗakin jego tari ya fito. Irin tarin nan mai ruwa-ruwa, wanda in ya fara sai ya ga dama yake tsayawa.

"Ki ƙirga," in ji Gwaggo. "Ko in ƙirga miki?"

"Na san adadinsu, Gwaggo."

"Ai dole ki sani. Matar gidan Jaji ke kika yi mata jinya. Tana ina?"

"Ta rasu."

"Surukar Modibbo ta Taura fa?"

"Ita ma."

"To wannan sabon, mai fari tas, na waye?"

Laraba ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ƙarya ba ta cikin halinta, kuma yau ko ta so yi ba lokaci.

"Na Maijidda ne."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta kwarara salati har kajin gidan suka watse. Ita ce yayar Malam, ita ta goya Maijidda tun yaye, ita ce kuma mai faɗa a ji a kan jegon nan. Kada ku ɗauka muguwa ce. Gwaggo na son yarinyar nan fiye da idonta, abin da ya sa Laraba ke tsoronta ke nan.

Don can gefe, a kan murhu, babbar tukunyar wanka ta fara huci, ga damin ganyen runhu a jiƙe. Ƙa'idar gidan ce: inuwar rumbu na taɓa turmi, a fito da mai jego a yi mata wankan la'asar da tafasasshen ruwa, a ɗura mata kunun kanwa, a mayar da ita kan gadon ƙasa a ƙara wuta a ƙarƙashi. Laraba ta saci kallon inuwar. Saura taku biyu.

Ta san in aka yi wa Maijidda wankan yau, ba za ta ga na gobe ba.

Gyaran murya aka yi daga zaure. Malam ya shigo, ya tsaya nesa kusa da rumbu, carbi a hannu. Mutum ne mai sanyin magana, amma malami ne, ya san abin da littafi ya faɗa a kan masu ƙulli. Da idonsa ya sauka kan tabarmar, fuskarsa ta sauya.

"Yaya, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Mun ɗauko mayya da hannunmu mun kai ta har kan gado. Dubi nan. Kowane zare mace guda. Ta ƙulle kurwar 'yata tana ja a hankali."

Laraba ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, a ba ni izini in yi magana."

"Ba wata magana!" in ji Gwaggo. "Ta tuɓe ta tsallake yarinyar sau uku ta sakar mata kurwa, sannan ta kwashi tsiyarta ta bar mana gida. Ni zan yi wankan da kaina."

"Zan tsallaka," Laraba ta ce. "Ko sau bakwai ne. A tara garin nan kaf su kalla, ban damu ba. Amma a sauke tukunyar can."

Ba a taɓa jin wadda aka ce wa mayya ta amsa tsallake da sauri haka ba.

A bakin madafa Mu'minatu na zaune, mahaifiyar Maijidda, ta ba su rabin baya tana tsince gero a faifai, jikanta Falalu na barci a bayanta. Haka ta yi kwana ashirin da ukun nan. 'Yar fari ce, kunya ta hana. Ba ta shiga ɗakin, ba ta tambayar jiki, shekara ashirin ba ta taɓa furta sunan yarinyar da bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "'yar Gwaggo". Duk son da ba ta da ikon nunawa, a kan jaririn take sauke shi.

Malam ya ja carbi ɗaya, biyu.

"Muna jin ki. Mene ne ƙullin?"

"Awo ne, Allah gafarta Malam."

"Awon me?"

"Awon ƙafa. Kullum da safe nakan zagaya zaren a saman idon sahun mai jego, inda ya haɗu in ƙulla. Gobe in sake. In ƙullin gobe ya tsaya a kan na yau, alhamdu lillahi. In ya matsa gaba, ƙafa ta ƙaru. Ido yakan yi wa mutum ƙarya, musamman in yana son mara lafiyar. Zare ba ya son kowa."

"Ji wani tsari," in ji Gwaggo. "Kumburi kuma sai an auna shi? Kowa ya san sanyi ne ya shige ta. Ɗanyen jiki ne, bai gasu ba. Maganinsa wuta da kanwa, tun kaka da kakanni."

"Haka na sani ni ma, Gwaggo."

"To?"

Laraba ta miƙa hannu ta ɗauki zaren da ya fi kowanne ja. Shekara tara ke nan ba ta yi wannan maganar da kowa ba, ko da mijinta kafin ya rasu.

"Wannan na Hassana ne. 'Yata."

Ta shafa zaren, ta ci gaba.

"Ba don jinya na fara ɗaura shi ba. Mundayen ƙafa na so maƙeri ya ƙera mata na fitar arba'in, na auna ƙafar na ƙulla. Washegari na ce bari in sake don kada su matse ta. Zaren bai kai ba. Na ce sanyi ne. Na ƙara wuta, na ninka kanwa. Jibi ya ƙara matsawa, na sake ninkawa. Tana ce min Inna ƙirjina, Inna ba na iya kwanciya, ina danne ta a kan gado ina cewa ki daure ki gasu."

Ta nuna ƙullin ƙarshe, can kusa da bakin zaren.

"Nan ta tsaya. Da hannun nan na ɗura mata ludayi na ƙarshe."

Daga ɗaki tarin ya sake tashi, ya daɗe bai lafa ba. Faifan da ke hannun Mu'minatu ya daina motsi.

"Allah ya jiƙanta," Malam ya ce a hankali. "Amma kwana ne ya ƙare."

"Kwana ne, Allah gafarta Malam, ban musa ba. Sai dai tun daga ranar na ce duk wadda na ga ƙafarta ta fara loɓawa in an danna, zan auna, in riƙe abin da aka ba ta da abin da ya biyo baya. Ɗaruruwa na yi wa jinya, yawancinsu sun sha kanwarsu sun gasu sun tashi garau, ba su da zare a wurina. Bakwai ɗin nan ne jikinsu ya tara ruwa. Huɗu an ƙara musu wuta da kanwa, duk huɗun suna ƙasa."

"Biyun fa?" in ji Malam.

Ta ɗauko wani.

"Wannan Bilki ce ta bayan kasuwar Jahun. Shekarar yunwar Kakalaba ta haihu. Ta kumbura kamar sauran, amma kwana goma sha biyu gidan ya ƙare, ba kanwa, ba mai ƙarfin yo itace. Na zauna ina kuka ina jiran ta mutu don an rasa abin gasa ta. Dubi ƙullin, Allah gafarta Malam. Baya ya riƙa komawa. Yanzu 'ya'yanta uku."

"Ɗayan?"

"Bafillatana ce. Tashi ya kama rugarsu, aka bar wanka a hanya. Na gan ta bara tana tallan nono."

Malam ya matso taku ɗaya. Ya sunkuya, bai taɓa ba, amma ya duba sosai.

"Kina nufin maganin ne ciwon?"

"Ban san ko kanwar ce, ko wutar ce, ko su biyun ba. Bakwai kawai na gani, ba zan rantse a kan bakwai ba. Amma Malam ya san akuya in ta lashi kanwa yini take a bakin ruwa. Kuma da muna yara, guntu kamar ƙwayar gyaɗa ake jefawa a kunu, don sai an tsallake mahara kafin a samo ta. Yanzu da Nasara suka zo hanya ta kwanta, Ashafa mijin Maijidda jaki guda ya loɗo mata daga gabas. Dunƙule ake zubawa. Wadda aka fi so ita ake fi ɗura wa."

"Wato son da muke mata ne zai kashe ta," in ji Gwaggo, a fusace. "Malam kana tsaye ana zagin iyayenmu!"

Laraba ta gyara durƙuso. Saura abu ɗaya, kuma ta san shi ne zai ɗaga gidan. Ta dubi inuwa. Taku ɗaya.

"Yau kwana uku ban sa kanwa a kununta ba."

Gwaggo ta saki tsinken.

"Kika ce me?"

"Farin kunu nake dama mata. Garwashin gado kuma ina rage shi in kin fita. Ruwan wankan da nake kaiwa bayan ɗaki ina surka shi."

"Inna lillahi! Kin kashe ta! Kin bar min 'ya ɗanya kwana uku!"

Malam ma sai da ya yi salati. Maƙwabciyar da ke leƙe ta kan danga ta taya su. Gidan ya kaure.

"Ranar farko ƙulli bai motsa ba," Laraba ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi a gaban Malam ba. "Jiya da safe ya koma baya. Ga shi nan, kowa ya gani! Yau ban auna ba, da sassafe aka kira ni cibin gidan Sale, na dawo na tarar da wanki. A bar ni in auna yanzu a gaban Gwaggo. In ya ƙara komawa baya, a sauke tukunya."

"In bai koma ba fa?" in ji Malam.

"In tsallake ta, in tafi."

"Yaya, kin ji."

"Na ji. Mu je. Allah ya tona asirin mai ƙarya."

Ɗakin jego kamar tanderu. Ƙaurin hayaƙi da yaji da zufa ya tare su tun daga ƙofa. Maijidda na zaune a kan gadon ta jingina da bango, baki a buɗe, don rabonta da kwanciya sosai kwana shida. Fuskar nan mai ɗan tsawo ta zama faifai. Jijiyar wuyanta ta miƙe tana harbawa.

Laraba ta matsa kusa. Jiya ba haka ta bar ta ba.

"Iya," Maijidda ta ce, da ƙyar. "Ƙirjina."

"Na sani, uwata. Kawo ƙafar."

Ta durƙusa ta zagaya zaren. Gwaggo ta sunkuyo har numfashinta na taɓa mata kunne.

Zaren bai kai ƙullin jiya ba.

Ta ja. Bai kai na shekaranjiya ba. Bai kai ko ɗaya ba. Inda ya haɗu yau ya wuce su duka da faɗin yatsa biyu. Ta danna babban yatsa a ƙaurin, ta ɗaga, ramin ya zauna yana kallonta.

"To," in ji Gwaggo. Ba ta yi ihu ba wannan karon, hawaye ne ke zubo mata. "Zarenki da ba ya son kowa ya yi magana. Tashi ki tuɓe."

Laraba ba ta tashi ba. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar Hassana. Ashe ita ce a kan kuskure? Shekara tara tana tara zare tana gina magana, ashe baƙin ciki ne kawai ya taɓa mata kai? Ta kashe tata da kanwa, yanzu ta kashe ta mutane da rashin kanwa?

Gwaggo ta leƙa waje.

"Malam! Bai koma ba! A juye ruwa!"

Sai dai Laraba na da wani hali da ya zame mata jiki. In abu ya ƙi zuwa yadda ta zata, ba ta yi masa gardama, ba ta kuma gudu. Tambaya biyu take yi: me ya shiga, me ya fita.

Ta jawo kaskon fitsari daga ƙarƙashin buzu. Ɗan kaɗan, ja kamar jiƙon kanya. Jiya ya kusa rabi.

Ta dubi fuskar. A gefen leɓen Maijidda akwai wani busasshen abu, toka-toka. Farin kunu ba ya bushewa haka. Ta sa yatsa ta kankaro, ta kai harshe.

Kanwa. Mai kauri, har da ɗaci.

"Uwata, wa ya ba ki?"

Maijidda ta rufe ido.

"Ba faɗa zan yi ba. Wa ya ba ki kunu ban da ni?"

Ta girgiza kai. Amma kafin ta rufe idon, Laraba ta ga inda ya je. Ƙofa.

"Gwaggo, ke kika ba ta?"

"Ni da na ɗauka kina sa mata? Da na sani ai da tuni kin bar gidan nan."

Gaskiya ne, salatin da Gwaggo ta yi ɗazu ba na wasa ba ne. Malam ma ya yi. Har ta kan danga ta yi. Laraba ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ranta, ta tarar mutum ɗaya ce a tsakar gidan nan da aka ce ba kanwa a kunu ko kai ba ta ɗago ba.

Ta zura hannu bayan jeren tukwane, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Ɗan ƙoƙo ta taɓo, da ludayi a ciki. Ta fito da shi a hannu.

Inuwar rumbu ta taɓa turmi. Tukunya na tafasa tana tofar da ruwa a wuta. Malam na nan inda suka bar shi.

Laraba ba ta bi ta kansa ba. Ta wuce bakin madafa ta durƙusa, ta ajiye ƙoƙon a kan faifan gero.

"Innar yara. Naki ne?"

Mu'minatu ta kalli ƙoƙon.

"Nawa ne."

Muryar ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Ke?" in ji Gwaggo daga ƙofar ɗaki. "Ke da ko inuwar ɗakin ba ki takawa?"

"Jiya da hantsi ina wanke ƙwaryar kunu na lashi hannuna. Na ji shi salam, ba kanwa." Ba ta ɗago ba. "Na ce ko mantuwa aka yi. Na so in yi magana, na ce in ce me? A ce ga mara kunya tana bin kunun 'yar fari? Sai na dama nawa. Na jira duk kuka fita."

"Sau nawa?" in ji Laraba.

"Jiya biyu. Yau da kika tafi gidan Sale, ɗaya."

"Kamar yaya kika zuba?"

Mu'minatu ta dunƙule hannu ta nuna.

Laraba ta runtse ido.

"Na ce in rama mata na kwanakin da ta rasa," Mu'minatu ta ce, sai muryar ta karye. "Tana ture ludayin tana cewa ƙirjinta. Na ce ta daure. Shekara ashirin ban taɓa ba ta abu hannu da hannu ba sai wannan. Ta sha ne don ni ce na ba ta."

Wallahi ni mai ba ku labarin nan, wurin nan ne ya fi yi min nauyi.

Gwaggo ce ta fara farfaɗowa, ta share ido da bakin zane.

"To ai shi ke nan. Uwa ta yi abin da ya dace. Kwana biyun da aka bar ta ɗanya ne suka yi ɓarna, kanwar ba ta riga ta kama ba. A yi wanka yanzu, a ƙara wuta, a sake dama wani."

"Allah gafarta Malam." Laraba ta juya a durƙushe, ta shimfiɗa zaren Maijidda a ƙasa a gabansa. "Ga ranar da ake sa kanwa, gaba. Gaba. Gaba. Ga ranar da na cire, ya tsaya. Ga washegari, baya. Ga inda aka ba ta dunƙule uku." Ta ɗora yatsa can gaba, inda ba ƙulli. "Ɗazu na ce ba zan rantse ba. Har yanzu ban san komai da komai ba. Amma jikin yarinyar nan ya amsa sau biyu, da aka cire da aka mayar. Ƙirjinta cike yake da ruwa. In tururin tukunyar can ya buge ta, a hannunmu za ta tafi."

"In kuma aka bar ta ta tafi ɗanya fa?" in ji Gwaggo. "Wa zai ɗauka? Malam, me za ka ce wa Ashafa? Me za ka ce wa gari? A gidan malami aka hana mai jego wanka?"

Malam ya dubi yayarsa. Ya dubi zaren. Carbin ya tsaya a hannunsa. Mutumin da ke raba gardamar gado da ta iyakar gona kafin a gama shan fura, yau ya rasa ta cewa. Tausayi ya ba Laraba, ya kuma ba ta haushi, don kowane numfashi da yake ɓatawa daga na 'yarsa ake cirewa.

"Yaya ta fi ni sanin sha'anin mata," ya ce daga ƙarshe, bai kalli kowa ba.

Gwaggo ta ɗauki ƙwaryar juye ta nufi murhu.

Mu'minatu ta miƙe.

Ta kwance goyo a hankali. Ta taka har gaban mijinta, abin da ba ta yi a gaban mutane, ta ɗora masa jaririn a hannu. Malam ya karɓa don bai san yadda zai ƙi ba.

Ta ɗauki taɓarya a jikin turmi.

"Gwaggo, matsa."

"Ke, kin haukace ne?"

"Matsa, Gwaggo, kada ya ƙone ki."

Ta kafa taɓaryar a wuyan tukunyar ta tura da duk ƙarfinta. Tukunya ta kife. Ruwa ya kashe wutar da wani irin huci, ya malalo tsakar gida yana tururi, ya bi ta kan tabarma ya kwashe zare shidan ya yi bakin rariya da su.

"Yarinyar ta sha nawa kunun," Mu'minatu ta ce, tana haki. "Na ga abin da ya yi mata da idona. Iya Laraba, faɗi abin da za a yi."

Laraba ta riga ta tashi.

"A kwashe garwashin gado, da kasko, kada a zuba ruwa hayaƙi ya shaƙe ta. A yaye asabarin ƙofa iska ta shiga. A zaunar da ita a bakin gado ƙafa a ƙasa. Kada a ba ta komai, ko ruwa, sai na ce. Gwaggo, ke ta fi jin maganarki, zo ki riƙe mata—"

Ta tsaya.

Sai a lokacin suka lura. Tun kifewar tukunyar ba a sake jin tari ba.

Laraba ce ta fara shiga. Maijidda ta zame daga jikin bango, kai ya langaɓe a kafaɗa, kumfa ja-ja a bakinta. Ta tallabo ta ta zaunar, ta sauke ƙafafun ƙasa, ta share bakin da gefen zanenta, ta manna kunne a ƙirjin.

Gwaggo ta zube a ƙofa. Malam na waje da jariri yana karanto abin da ya zo bakinsa.

Mu'minatu ta tsallake Gwaggo ta shigo, ido na ganin ido, a gaban kowa. Ta durƙusa ta kama kumburarriyar ƙafar nan da hannu biyu. Leɓenta ya yi motsi sau biyu ba abin da ya fito, kamar sunan ya yi tsatsa a maƙogwaro.

"Maijidda."

Shiru.

"Maijidda, ni ce. Innarki ce."

Laraba ta ɗaga hannu ɗaya sama, kunnenta na manne, idonta a rufe.

"Ku yi shiru," ta ce. "Kowa ya yi shiru."

Suka yi. Har jaririn.

Ta ƙara danna kunnen. Sannan, ba tare da ta ɗago ba, ta laluba ta damƙi hannun Mu'minatu.

"Sake kira. Da ƙarfi."